Digiri ɗari a cikin kwamfuta haɗin kamfani

Ƙanena ne ya kawo ƙarar. Kwamfutarsa ta tebur, wadda yake haɗa bidiyo da ita, ta tsiro da wani irin kuka: da ya danna mata aiki mai nauyi sai fanka ta tashi kamar injin niƙa, ta yi ta ihu, ta ɗan lafa, ta sake tashi. Ya ce, "Yaya, ko dai ta kusa mutuwa ne?" Na ce abin da ke da ƙarfin yin wannan ihun ai da sauran ransa, kawo ta mu duba.

Haɗin kamfani ce, irin wadda ake ɗaukowa a kwali a jona mata wuta kawai. Furosesan da ke ciki, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfutar lissafi, Intel Core i7-10700 ne, wanda ya fito a 2020, mai ƙwayoyi takwas (sassan da ke raba aikin a tsakaninsu), gudunsa na tushe gigahaz 2.9, yana kuma iya tashi har 4.8 idan ya samu hali. Garantin ya daɗe da ƙarewa, don haka babu abin da za mu yi asara in mun kwance ta.

Ban fara da sukundireba ba. Na sa manhajar HWiNFO, mai nuna zafi da wutar da kwamfuta ke ja, a gefe ɗaya, na kunna Cinebench, manhajar gwajin ƙarfin furosesa, ya matsa wa ƙwayoyin takwas lamba na minti goma, na zauna ina kallo. Kafin in gyara zama zafi ya buga digiri 100 ya tsaya cak. Wannan lambar ba a banza ta tsaya nan ba: ita ce iyakar da Intel ta gindaya wa wannan furosesan, da ya taɓa ta sai ya taka wa kansa birki, ya rage gudu da wutar da yake ja don kada ya ƙone. A HWiNFO akwai layin da ke nuna ko zafi ne ya sa aka rage gudu, ga shi nan ya koma "e". Akwai wani layi a ƙasansa, na iyakar wuta, shi ma bayan kamar rabin minti ya koma "e". Na gan shi da idona, amma hankalina yana kan ɗarin, na wuce shi. Za mu dawo kansa.

A takarda an rubuta wa furosesan wat 65, kuma mutane da yawa suna ɗauka iyakar cinsa ke nan. Ba haka ba ne. Wat 65 shi ne abin da yake ci a doguwar tafiya. A farkon aiki, ƙa'idar Intel ta ba shi damar ja har wat 224 na tsawon kamar daƙiƙa 28, sannan ya sauko. Kamfanin da ya haɗa kwamfuta yana iya rage wannan adadin a BIOS ɗinsa, wato saitin tushe da kwamfuta ke tashi da shi kafin Windows, amma ko rabinsa ma ya fi ƙarfin abin da na tarar da na buɗe murfi: na'urar sanyaya furosesan, dunƙulen alminiyam zagayayye, ba ko ɗigon jan ƙarfe a gindinsa, da 'yar fanka a kai tana hura iska ƙasa. An auna shi ne daidai da wat 65, ba ragi ba ƙari. Ga mai rubutu da buɗe intanet ya isa har ya yi yawa. Ga mai haɗa bidiyo kuwa, an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Duk da haka ban yarda a sayi komai ba sai mun gwada magani mai sauƙi. Ƙura ta yi bargo tsakanin fankar da ganyayen alminiyam, na kaɗe ta da iska, yatsana a kan filafilan don kada iskar ta juya su fiye da kima. Na kwance dunƙulen, na ga man isar da zafi da ake shafawa tsakaninsa da furosesa ya bushe ya tsage kamar laka a bakin tafki da rani. Na goge da sifirit mai ƙarfi da ƙyalle marar gashi, na sa sabo, na mayar. An samu sauƙi, zafin zaman banza ya sauka, fankar ta daina tashi a kan ƙaramin aiki. Amma da na sake kunna gwajin sai ga 100 ta dawo, ta ɗan makara ne kawai. To, laifin ba na ƙura da mai kaɗai ba ne, ƙarfen ne ya yi kaɗan.

A nan ne ƙanen nawa ya yi murmushi ya jawo wani kwali daga jakarsa. Ashe tun kafin ya zo ya riga ya sayi na'urar sanyaya, doguwa mai siffar hasumiya, da fanka mai faɗin milimita 120, don ya ga ana yaba ta. Na'ura ce mai kyau, ban kushe ta ba. Na dai ɗauko rula biyu. Na gitta ɗaya a kan bakin akwatin, daga gefe zuwa gefe, daidai inda murfi ke kwanciya, na sauke ɗayar tsaye har ta taɓa saman furosesan. Abin da ke tsakani bai kai milimita 140 ba. Irin waɗannan hasumiyoyin masu fankar 120 kuwa yawancinsu tsakanin 150 ne da 160. Ya kalli rula, ya kalli kwalinsa.

"To mu bar murfin a buɗe mana, Yaya."

Na ce ba za a yi haka ba. Akwati a rufe yana tilasta wa iska ta shigo ta gaba ta fita ta baya, ta bi ta kan ram (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da katin hoto (sashen da ke sarrafa hotuna da bidiyo) a hanyarta. In an cire murfi sai iska ta yi ta yawo inda ta ga dama, ƙura ta samu ƙofa, ƙarar da muke gudu kuma ta fito fili. Ya kawo maganar na'urar sanyaya mai amfani da ruwa. Ita ma babu inda za ta zauna, domin ko ƙaramarta da aka saba samu tana buƙatar gurbin fanka na milimita 120, akwatin nan kuwa gurbi ɗaya gare shi a baya, wanda bai wuce 92 ba. Mayar da kayan cikin wani babban akwati ma ba mafita ba ce: madabod ɗin, wato babban allon da duk kayan ke jone a jikinsa, ba a kan ma'aunin kowa aka yanka shi ba, ramukan USB na gaba a jikinsa suke, wayar wutarsa kuma ba mai haƙora 24 ɗin da aka sani ba ce. Mai haɗa kwamfutarsa da hannu yana zaɓen na'ura ne ya nemo mata akwati. Mai haɗin kamfani akwati ne ke zaɓa masa. Aka mayar da babbar hasumiyar, aka karɓo ƙarama mai fankar milimita 92, tsayinta 125.

Ƙarama ce a ido, amma ba ajinsu ɗaya da tsohuwar ba, kuma bambancin yana cikin bututun jan ƙarfen da suka taso daga gindinta suka ratsa ganyayen. Kowane bututu a toshe yake, an zuƙe iskar ciki, an bar ɗan ruwa kaɗan. Da yake babu matsin iska, ruwan ba ya jiran digiri ɗari kafin ya tafasa. Zafin furosesa na taɓa shi sai ya zama tururi ya haura sama, ya tarar da ganyaye masu sanyi, ya koma ruwa, ya tsotso ta cikin wani laushin garin jan ƙarfe da aka manne a bangon bututun ya dawo gindi, kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Haka yake zagayawa ba injin ba komai. Dunƙulen alminiyam sai zafi ya ratsa ƙarfe a hankali kafin ya kai inda iska take. Bututu kuwa ɗaukarsa yake ya kai shi can nesa nan take.

Wahalar gaske a wajen ɗaurawa take, ita ta cinye mana yini.

Ramuka huɗun da ke kewaye da soket ɗin, wato gurbin da furosesa ke zama a madabod, ba su ba da matsala ba. Soket ɗin LGA1200 ne, tazarar ramukansa milimita 75 kowane gefe, daidai da na LGA1151 da 1150 da 1155 da suka gabace shi. Sai a 2021, da LGA1700 ya zo, tazarar ta koma 78. Ke nan duk na'urar da aka yi domin waɗancan tsofaffin tana hawa wannan. Matsalar a ƙarƙashi take. A ƙa'ida, na'urar sanyaya tana zuwa da farantinta na baya, a sa shi a bayan madabod, ƙafafunsa huɗu su ɓullo ta ramukan, a ɗora sanduna biyu a kansu, sannan a ɗaure hasumiyar a jikin sandunan. Da na leƙa ramukan nan sai na ga a cike suke. Kamfanin bai sa faranti ba sam. Ƙafafu huɗu ya dasa a jikin ƙarfen akwatin kansa, masu zare a ciki, madabod ya zauna a kansu, tsohuwar na'urar kuma a cikinsu take ɗaure. Wannan dabara tana rage musu aiki a layin haɗawa, tana kuma hana madabod lanƙwasa a hanya. Amma ta toshe wa farantin sabuwar na'urar wuri gaba ɗaya.

Hanya biyu ce. Ko a cire madabod a huda ƙafafun nan a fitar da su, abin da ba ya komawa, ga garin ƙarfe da zai iya maƙalewa wani wuri ya haɗa wuta wata rana. Ko kuma a ajiye farantin a kwalinsa, a ɗaure sandunan kai tsaye a ƙafafun kamfanin. Na zaɓi ta biyu. Na gwada zaren da sukurun tsohuwar na'urar, na tabbatar M3 ne, wato mai kaurin milimita uku. Na samo dogaye guda huɗu, na jera yadda ya kamata: robar tazara a kan madabod, sanda a kan roba, sukuru ya ratsa su ya shiga ƙafa. Na ɗaure har suka tsaya. Na ɗiga mai kamar ƙwayar wake a tsakiyar furosesan, na cire ledar da ke gindin hasumiyar (wannan ledar ta sha kunyata ƙwararru), na ɗora, na ɗaure, na rufe.

Muka kunna. Zafi ya haura casa'in cikin 'yan daƙiƙu, kamar ba mu yi komai ba. Ƙanena bai ce uffan ba, wanda ya fi magana ciwo.

Na kashe, na zare wuta, na kama kan hasumiyar na ɗan murɗa. Ta motsa. Ba sosai ba, amma abin da aka ɗaure da kyau bai kamata ya yi ko wannan ba. Da na ɗaga ta sai man ya faɗa mini komai. In matsi ya yi daidai, mai yana bajewa ya zama siriri har ana hango ƙarfe ta cikinsa, ya kai kusan kowace kusurwa, da ɗan zane kamar jijiyar ganye inda ƙarafan biyu suka rabu. Nawa kuwa yana nan a dunƙule, da kauri, fari fat a tsakiya, gefe ɗaya ma ko taɓa shi bai yi ba. Ashe sukuran sun yi tsawo. Sun kai ƙarshen ramin ƙafafun sun tokare, hannuna ya ji tauri na ɗauka ɗauri ne, alhali kawunansu ba su danne sandunan ba. Sandunan suna da wasa kamar kaurin farce, hasumiyar kuma tana shawagi a kan mai. Man nan ba don ya ɗauki zafi da yawa aka yi shi ba. Jan ƙarfe ya fi shi isar da zafi nesa ba kusa ba. Aikinsa kawai ya cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani a fuskar ƙarafan, ya kori iska. In ya yi kauri sai ya zama katanga.

Gyaran bai fi washa biyu a ƙarƙashin kan kowane sukuru ba. Wannan karon kafin in sa mai sai da na kama kowace sanda na jijjiga, na ji ta zama ɗaya da madabod. Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen, shi ya sa ban matsa da ƙarfi ba: soket ɗin allurai 1200 ne sirara a jere ƙarƙashin furosesan, matsin da ya wuce kima ko ya karkata yana iya sa wasu su daina taɓawa, sai ka ga ram ɗaya ya ɓace ko kwamfuta ta ƙi tashi. Don haka ma ban ɗaga hannun soket ɗin ba ko sau ɗaya, babu abin da ya kai ni. Na goge, na sake ɗiga mai, na ɗaure sukuran hasumiyar masu sifirin bi da bi, juyi biyu nan juyi biyu can, har suka tsaya da kansu. Na juya fuskar fankar yadda za ta tura iska zuwa bayan akwati. Ram ɗin gajeru ne marasa ado, suka shige ƙarƙashinta lafiya.

Sai wayar fanka. Wasu kamfanonin suna canza wannan mahaɗin, su sa mai haƙora biyar ko su juya jerin wayoyin, wanda in ba a lura ba ana iya tura wa fanka wuta ta inda bai dace ba. Na bi wayoyin tsohuwar ɗaya bayan ɗaya, na ga jerin da aka sani ne: wayar ƙasa (nagatif), ta bolt 12, wayar da ke ba da rahoton juyi, da wayar da ke ba da umarnin gudu. Sai dai na yi wa kaina wani kuskuren. A cikin kwalin akwai 'yar gajeriyar waya da ke rage wa fanka gudu don ta yi shiru, na ce tunda ƙara muke yaƙi da ita bari in sa. Kwamfutar na tashi ta tsaya a baƙin allo, ta rubuta cewa fankar furosesa ta lalace, a danna F1. Fankar kuwa tana juyi, ina kallonta. Abin da ya faru, BIOS ɗin an tsara shi ne da 'yar tsohuwar fanka mai saurin juyi. Umarnin da yake bayarwa lokacin tashi ƙarami ne, sabuwar fankar dama a hankali take juyi, na kuma ƙara mata birki, sai rahoton da ya koma masa ya gaza abin da yake jira. BIOS na haɗin kamfani ba shi da shafin da za a gyara wannan iyakar. Na cire wayar, saƙon bai sake fitowa ba.

Akwai abu ɗaya da tsohuwar na'urar ke yi wanda babu mai gode mata. Da yake ƙasa take hura iska, iskar tana fantsama ta bi ta kan ɓangaren daidaita wuta, waɗannan ƙananan baƙaƙen tiransistoci da dunƙulallun koyil da ke gefen soket, masu sauke bolt 12 zuwa bolt ɗaya da ɗoriya da furosesa ke sha. A madabod masu tsada akwai ƙarfen shan zafi a kansu. A wannan tsirara suke. Hasumiya kuwa iskarta a sama take wucewa, ba ta sauka gare su. Na manna musu ƙananan ƙarafan alminiyam da tef ɗin da ke isar da zafi, ina lura kada gefen ƙarfe ya taɓa ƙafar wani abu. Fankar baya ta milimita 80 ce, amma akwai ramukan 92 a kewaye da ita, na canza ta da babba don ta riƙa kwashe abin da hasumiyar ke turo mata.

Muka rufe murfi, ya zauna da ɗan sarari. Na kunna gwajin nan dai na minti goma. A rabin mintin farko, lokacin da furosesan ke jan wuta da yawa, zafi ya hau cikin tamanin bai wuce ba, layin rage gudu saboda zafi ya zauna a "a'a" har ƙarshe. Daga nan ya sauko ya daidaita ƙasa da saba'in. Ƙarar kuwa sai ka kasa kunne. Ƙanena ya sa tafinsa a bayan akwatin ya ji iska mai ɗumi tana fita, ya yi dariya.

Dariyar ba ta daɗe ba. Ya buɗe wani aikin bidiyo da ya san tsawon lokacin da yake ɗauka, ya sa shi fita, ya riƙe agogo. An samu ragi, amma ɗan kaɗan ne, ba abin da ya sa rai ba. "Yaya, ta yi sanyi, amma ai ba ta ƙara gudu ba."

Layin nan na biyu da na tsallake tun farko, shi ne. Da daƙiƙa 28 ɗin suka cika sai iyakar wuta ta kama, furosesan ya koma wat 65, gudun ƙwayoyin takwas ya sauko ƙasa da gigahaz huɗu ya zauna nan, ko da kuwa a cikin ƙanƙara aka tsoma shi. Zafi yana cinye masa farkon aiki ne da gajerun ayyuka, kuma wannan mun kwato. Doguwar tafiya kuwa tun asali ba zafi ke riƙe da ita ba. Da na tsaya na karanta layin da kyau a ranar farko, da na faɗa masa tun kafin a sayi komai cewa shiru zai samu da sanyi, ba rabin lokaci ba. Wannan sakacina ne, na kuma faɗa masa haka.

A madabod na masu haɗawa da hannu, ana shiga BIOS a ɗaga iyakar, wannan furosesan ya riƙe gudu mai yawa muddin sanyi ya isa. A nan babu shafin. Na gwada da ThrottleStop, manhajar da ke canza irin waɗannan iyakoki, ko za a iya ta cikin Windows, na tarar an kulle adadin, ba ya karɓar canji. Ya tambaya ko akwai wata hanyar ta bayan gida. Na ce ko akwai ba zan bi ba. Tiransistocin da na manna wa 'yan ƙarafa ba a auna su da wat ɗari da wani abu na awa guda ba, akwatin wutar da ke ba kwamfutar lantarki kuma ƙarami ne, yana raba abin da yake da shi da katin hoto. Abin da muka yi a maimako, muka shiga saitin manhajar bidiyonsa muka mayar da aikin fitarwa kan katin hoton, wanda ke da sashe na musamman domin haka. A nan ne agogon nasa ya nuna bambancin da yake nema.

Bayan mako biyu ya dawo da ita na sake dubawa. Na jijjiga hasumiyar, ba ta motsa ba, ƙananan ƙarafan suna nan a manne, zafi bai canza ba. Tsohon dunƙulen alminiyam da sukuransa huɗu na sa su a kwalin sabuwar, tare da farantin bayan da ba mu yi amfani da shi ba, na ce ya adana, domin ranar da ya haɗa tasa da hannu farantin zai yi aiki. Yanzu ƙorafinsa ɗaya ne: tunda fankar furosesa ta yi shiru, ya fara jin ƙarar 'yar fankar da ke cikin akwatin wuta, wadda shekara da shekaru tana nan bai san da ita ba.